Ɓarawo Mai Riga Dubu

Shekarar da Saige ta kwanta a Ladduga
ban kai ƙugun Baffa a tsayi ba.
Gashinta ya tashi, idonta na tsiyaya,
ana ƙirga haƙarƙarinta daga bakin rafi.
Manya suka ce sammore ne.
Na ce a nuna mini shi.
Baffa ya ce, "Jebbu, wa ya taɓa kama iska?"
Kafin kaka, bakwai suka bi ta.

Shekara goma sha huɗu tambayar tana aljihuna.

Ran wata Talata, a jikin allon sashenmu,
ƙarƙashin cigiyar wata wayar da ta ɓata,
takarda ta ce ana neman ɗalibai shida
su koyi karanta cuta daga tushenta.
Na rubuta sunana da biron aro.

Dakta Zigwai ba ta yi mini maraba ba,
safar hannu ta miƙo mini.
Ta ce, "A nan ɗigo ɗaya tafki ne.
Numfashinki ma baƙo ne, ki san inda za ki ajiye shi."
Ni da na tashi da ƙwaryar nono a ka
ban taɓa zubar da ita ba,
sai ga hannuna yana rawa
a kan ruwan da bai isa jiƙa ƙwayar gero ba.

Sau goma sha ɗaya aikina ya fito fayau,
ba layi, ba alama.
Sau ɗaya wuta ta ɗauke cikin dare,
janareto ya yi tari ya yi shiru,
ni da Shekwolo muka bi Kakuri da kula a babur
muna cinikin ƙanƙara da masu sayar da kifi
don kada jinin shanu tamanin ya lalace.
Ya ce, "Wannan ma a sa a kundin digiri."

A hankali na san shi.
Ƙudan tsando ne jirginsa, jini ne garinsa.
A madubi yana wutsil-wutsil kamar ɗan tarwaɗa,
amma ba nan wayonsa yake ba.
Riga yake canzawa.
Kafin dakarun jiki su gane mai baƙar taguwa
ya fito da ja, ya bi ta gabansu.
Kuma dukan rigunan nan
a rubuce suke cikinsa da haruffa huɗu kacal,
huɗu, ko rabin yatsuna ba su kai ba.

Daren sha biyu, ruwan Agusta na dukan kwano,
kogin Kaduna ya cika yana gurnani can ƙasan gada.
Muka kashe fitila, muka kunna shuɗiyar.
A cikin abin nan mai kama da kamu da ya sandare
wani siririn layi ya haska,
daidai inda Dakta ta ce zai tsaya.
Ban yi ihu ba.
Saige na tuna, da yadda take lasar gishiri a tafina.

Da safe Baffa ya hau tudun da ake samun sabis.
"Kin samo maganin?"
Na ce a'a.
Na ji shiru, na ji kukan maraƙi a bayansa.
Na ce, "Amma na ga sawunsa, Baffa.
Na san wane iri ne ke shiga garkenmu,
na san wace allura ce ya daina tsoro."
Ya ce, "To. Mai bin sawu ba ya gaggawa."
Sannan ya tambaya ko ina cin abinci.

Litinin sababbi shida za su zo.
Dakta ta ce ni zan miƙa musu safar hannu.